An sake ɗage aikin Mama bayan an sa mata rigar tiyata: me ke jawo haka?

Auta:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi haƙuri idan na yi zafi, raina ne a ɓace. Mahaifiyarmu maƙoƙo ne da ita, ya girma har yana danne mata numfashi in ta kwanta rigingine. Wata huɗu muna jiran rana. Aka ba mu Talatar makon jiya, aka ba ta gado tun Litinin da yamma, aka ce kada ta ci komai daga sha biyun dare. Da safe aka sa mata rigar tiyata, aka cire mata 'yan kunne, likita ya zo ya sa ta sa hannu a takarda. Muna zaune har uku na rana, sai wata nas ta leƙo ta ce yau dai ba zai yiwu ba, a ba ta abinci. Iyakar bayanin ke nan. Wannan kuma karo na biyu ne, na farkon an ce jininta ya hau. Don Allah masu aikin asibiti da ke cikinmu, me ke sa a soke aikin da aka shirya tun watanni, a ranar da za a yi shi?

Mai Faɗin Gaskiya:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ruwa ba ya tsami banza. Wani mai hanya ne ya zo aka ba shi gurbin Mama. Ba sai an kai ki nesa ba.

Uwar Biyu:
Allah ya ba ta lafiya. Mu ma ya faru da mu, amma bari masana su fara magana.

Sista Mai Tiyata:
Sannu Auta, Allah ya ƙara wa Mama sauƙi. Na yi shekara 14 a ɗakin tiyata, kuma yawanci ni ce waccan nas ɗin da ake turawa ta faɗi labari mara daɗi, don haka na san fuskar da kika yi. Ban san asibitinku ba, ba zan ce ga dalilin ba. Amma tunda har uku na rana aka kai kafin a gaya muku, zato na ya fi tafiya kan abu biyu: ko lokaci ne ya ƙure, ko babu gadon da za a kai ta bayan aiki.

Ga yadda ranar take tafiya a wajenmu. Ana rubuta jerin mutanen da za a yi wa aiki, a ce mutum biyar. Kowane aiki an ƙiyasta masa lokaci, amma cikin mutum ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe. Aikin da aka sa wa awa biyu sai a tarar hanji ya manne da juna saboda tsohon aiki, ko jini ya ɓalle, ya ci awa huɗu. Tsakanin mutum da mutum kuma akwai farfaɗo da wanda aka gama, goge ɗaki, ƙirga audugar aiki da allurai, shigo da sabbin kaya, sa na gaba barci. Wannan tazarar masu rubuta jeri sun fi mantawa da ita. Sai kuma gaggawa ta faɗo: haɗarin mota, hanjin da ya fashe, mai naƙuda da bugun zuciyar jaririnta ke sauka. Irin wannan ta ƙarshe ƙa'idar da ake bi a wurare da yawa ita ce a ciro jaririn cikin minti 30 daga yanke shawara. In asibiti ba shi da ɗakin da aka ware wa gaggawa da ma'aikatansa daban, jerin ranar ne zai biya, kuma na ƙasan jeri ke fara faɗuwa. Mama ta nawa ce a jerin?

Auta:
Wallahi Sista ban sani ba. Ban ma san akwai jeri ba.

Likitan Barci:
Sista ta faɗi rabin maganar, bari in ɗora nawa rabin, domin sau da yawa ni ne mai cewa a dakata, kuma ni ake zagi a baranda. Aikina sa mutum barci da riƙe numfashinsa da bugun zuciyarsa har a gama.

Sokewa iri biyu ce, kuma bai kamata a haɗa su ba. Akwai wadda jikin majinyaci ne ya hana. Akwai wadda asibitin ne bai shirya ba. Ta farkon Mama tana cikin kashi na ɗaya. Maganin barci yana saukar da jini, sa bututu a maƙogwaro yana ɗaga shi, kuma mai hawan jinin da bai daidaita ba shi ya fi lilo tsakanin biyun. Zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙoda ba sa son wannan lilon. Amma zan faɗi abin da wasu abokan aikina ba sa so a faɗa: ba kowane awo mai tsayi na safiyar aiki ne ya isa a soke ba. Mutumin da bai yi barci ba, yana tsoro, bai ci abinci ba, wataƙila ma an hana shi maganinsa na safe bisa kuskure, ai dole awonsa ya hau. Shi ya sa a 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Birtaniya da ta masana hawan jini suka fitar da jagora tare: in awon da aka yi wa mutum a asibitinsa cikin wata 12 da suka wuce bai kai 160 bisa 100 ba, a yi aikin, in babu wannan tarihin, a ci gaba muddin awon da aka yi masa a wurin duba majinyaci kafin aiki bai kai 180 bisa 110 ba. Manufar ita ce a gano matsalar makonni kafin ranar, ba a kan gadon turawa ba.

A aikin maƙoƙo akwai ƙari. In maƙoƙon yana fitar da sinadari fiye da kima, dole a kwantar da shi da magani tukuna, in ba haka ba zuciya na iya rikicewa a tsakiyar aiki. Kuma babban maƙoƙon da ya daɗe yana danne bututun iska, bayan an cire shi ana so majinyaci ya kwana inda ido ke kansa kowane lokaci, saboda kumburi ko taruwar jini a wuya na iya toshe numfashi cikin mintuna. In an ce mini babu irin wannan gadon, ba zan sa ta barci ba, ko da likitan tiyata ya wanke hannu yana jira.

Mai Faɗin Gaskiya:
To Likita, ba ku san za a buƙaci gadon ba tun wata huɗu da suka wuce? Ko ranar ne ya faɗo muku daga sama?

Likitan Barci:
Tambayarka tana kan hanya, Malam. Mun sani, kuma ana rubuta buƙatar. Sai dai gadon ɗakin kulawa ta musamman ba a kulle shi a ajiye wa wanda zai zo jibi, alhali wani yana mutuwa yau. Ana lissafi ne cewa wane zai samu sauƙi a mai da shi ɗakin kwanciya da safe, gadonsa ya fito. In jikinsa ya rikice da daddare, ko ɗakin kwanciyar ma a cike yake saboda waɗanda aka sallama ba su tafi ba, lissafin ya rushe. Kuma gado ba katifa da ƙarfe ba ne kawai. Wanda ke kan na'urar numfashi nas guda yake buƙata shi kaɗai. Na sha ganin gado a shimfiɗe babu kowa a kai, amma ba za a iya amfani da shi ba saboda babu nas.

Ɗan Ci-rani:
Ni a Ingila nake aikin kula da tsofaffi, kuma ina so masu ganin kamar a ƙasashe masu kuɗi ba a yin haka su ji. An yi wani bincike a asibitoci 245 na Birtaniya cikin mako guda a watan Maris na 2017, aka tarar kusan aiki ɗaya cikin bakwai na masu kwanciya an soke shi ko an ɗage a ranar da za a yi. A Janairun 2018 ma hukumar lafiya ta Ingila da kanta ta umarci asibitoci su jinkirta ayyukan da ba na gaggawa ba har ƙarshen wata, saboda sanyi ya cika gadaje da masu mura mai tsanani da ciwon huhu. Inda suka bambanta shi ne alkawarin da hukumar lafiyarsu ta ɗauka: in an soke maka a ranar aiki ba don jikinka ba, za su ba ka wata tsayayyar rana cikin kwana 28, in sun kasa su biya a yi maka a wani asibitin da ka zaɓa. Ba kullum suke cikawa ba, amma ana ƙirga duk wanda aka saɓa wa, kuma ana buga alƙaluman kowa ya gani. Abin da na fahimta daga nawa ɓangaren shi ne, tsohon da ya warke amma ba a samu wanda zai kula da shi a gida ba, yana iya yin makonni a gadon asibiti. Wannan gadon shi ne wanda mai jiran aikin gwiwa ya rasa.

Uwar Biyu:
To bari in tona kaina. Ɗana mai shekara huɗu za a cire wa tsokar maƙogwaro da ke sa shi minshari. An ce kada ya ci komai. Da asuba ya yi ta kuka, na tausaya, na ba shi shayi da madara rabin kofi, na ce ai ruwa ne. Da likita ya tambaya har na so in ɓoye, sai yaron da bakinsa ya ce ya sha. Aka mai da mu ƙarshen jeri, lokaci bai kai gare mu ba. Da muka koma karo na biyu kuma yana tari da zazzaɓi, aka ce mu dawo bayan mako huɗu. Na yi fushi sosai a lokacin, ina ganin tsanani ne kawai.

Likitan Barci:
Hajiya, ki gode wa yaron nan. In mutum ya yi barcin magani, tari da haɗiya da ke tsare hanyar iska duk suna tsayawa. Abin da ke ciki na iya tasowa ya gangara huhu, ga shi haɗe da ruwan tsami na tumbi wanda ke ƙona huhun. Wani likitan haihuwa a Amurka, Curtis Mendelson, ya bayyana wannan a 1946 a kan mata masu haihuwa da aka sa barci, har yau ana kiran ciwon da sunansa. Madara a wajenmu abinci ce, domin tana daskarewa a ciki. Ƙa'idar ita ce awa 6 ga abinci da madara, awa 4 ga nonon uwa, awa 2 ga ruwa zalla. Mura kuwa tana sa hanyar iskar yaro ta yi saurin shaƙewa in an taɓa ta, kuma hakan na ɗaukar makonni bayan majinar ta tsaya. Majina kaɗan ba zazzaɓi, sau da yawa muna ci gaba. Zazzaɓi da tari mai kauri, a'a.

Ku lura da wannan awa 2 ɗin. Mamar Auta ta yi awa 15 ko ruwa ba ta sha ba. Wannan ba ƙa'ida ba ce, tsohon sabo ne na "kada a ci komai daga sha biyun dare" da ake faɗa wa kowa don sauƙin aiki. Tunda an ga rana na tafiya, ya kamata a ba ta ruwa ko a sa mata ƙarin ruwa.

Baba Tsoho:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke rubuta mini. Ni nawa laifin ban san na wa ba ne. An sa mini ƙarfe a jijiyar zuciya shekarun baya, ina shan ƙwayar tsinka jini kullum. Da za a yi mini aikin mafitsara, babu wanda ya tambaye ni wane magani nake sha sai safiyar ranar. Da na fito da ledar magunguna, yaron likitan ya dafe kai. Aka ce in koma gida, sai likitan zuciya ya ce ga yadda za a yi. Ni dai da an tambaye ni da wuri ai da na faɗa.

Sista Mai Tiyata:
Baba, ba laifinka ba ne ko kaɗan. Wannan ita ce sokewar da ta fi ba ni haushi, domin kiran waya guda mako ɗaya kafin ranar ya isa ya hana ta. Cikin magungunan tsinka jini, warfarin ana dakatar da shi kamar kwana 5 kafin aiki, clopidogrel 5 zuwa 7, kuma mai ƙarfe a zuciya kamar kai ba ya tsayar da shi da kansa sai likitan zuciya ya yarda. Haka ciwon suga da bai daidaita ba, haka ƙarancin jini, wanda in an gano da wuri ana gyara shi da maganin ƙarin jini cikin makonni ba sai an nemi ledar jini ba. Asibitin da ke da wurin duba majinyaci mako biyu ko uku kafin aiki, yawancin irin waɗannan ba sa kaiwa ranar. Mu ma muna da namu ƙorafin: akwai waɗanda ba sa zuwa kuma ba sa kira, akwai masu shan magungunan ganye su ɓoye, akwai wanda sai an turo shi bakin ƙofa zai ce ya fasa, ko dangi su ce ba a shawarce su ba.

Mai Turara Kaya:
Ni ba likita ba ne, ba nas ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin fuskata cikin majinyata. Ni ke wanke almakasai da wuƙaƙen aiki in turara su. Tukunyar turara kayan tana aiki da tururi mai zafin digiri 134 na minti 3, ko 121 na minti 15, amma da wanki da naɗewa da bushewa da hucewa, awanni ne. In aka buɗe ƙunshi a ɗakin tiyata aka ga danshi a ciki, ko takardar naɗin ta huje, ko alamar da ke canza launi ba ta canza ba, an ɗauka ba shi da tsabta, ba a jayayya. In wannan saitin shi kaɗai ne irinsa a asibitin, kamar na ƙashi ko na ido, aikin ya tashi. In tukunya ta lalace ko ruwa ko wuta suka yanke, ranar gaba ɗaya ta tafi. Majinyaci dai abin da zai ji shi ne "babu kaya".

Mai Awon Jini:
Namu ɓangaren ma haka. A ajiye wa mutum leda biyu da suka dace da jininsa, da daddare mai zubar jini bayan haihuwa ta zo, rukuninsu ɗaya. Za mu bar ta don aikin gobe? Jini kuma ba ya ajiyuwa har abada, mako 5 zuwa 6 ne a firij.

Ɗan Ci-rani:
Wani lokacin ma dalilin yana can nesa da asibitin. A Satumbar 2024 guguwar Helene ta yi ambaliya a masana'antar kamfanin Baxter da ke jihar North Carolina, wadda ke samar da kusan kashi 60 cikin 100 na ruwan ƙarin da asibitocin Amurka ke amfani da shi. Asibitoci da dama suka ɗage ayyuka saboda ruwan leda kawai. A Yunin shekarar kuma masu kutsen kwamfuta suka durƙusar da kamfanin da ke yi wa wasu manyan asibitocin Landan awon jini, aka ɗage ayyuka da yawa don ba a iya haɗa jinin majinyaci da na leda da sauri.

Mai Faɗin Gaskiya:
Na ji duk bayananku, kuma na ƙaru, ba zan yi girman kai ba. Amma kowa ya zo ya wanke sashensa. Wato ba a taɓa tsallake talaka a sa mai hanya ba? Ba a taɓa samun babban likita ya makara awa biyu ba saboda yana wani wurin?

Sista Mai Tiyata:
Ana yi, Malam. Ƙarya ne in ce ban taɓa gani ba. Na ga jeri ya canza da safe ba tare da dalilin lafiya ba, na ga ranar da aka ce takwas za a fara ba a sa wuƙa ba sai goma saura. Wannan makarar ta farko ita ke cin mutumin ƙarshe, kuma a takarda sai a rubuta "lokaci ya ƙure" kamar daga sama ya zo. Amma in ka ce mini kowace sokewa haka take, ban yarda ba, domin mu ma asara ce a wajenmu: an buɗe kaya, an tara mutum shida ko bakwai, ɗaki na zaune. Abin da ya ba zarginka ƙarfi shi ne shirunmu. In aka bar mutane tun safe har la'asar, sannan aka turo ƙaramar nas da jimla guda, dole kowa ya cike gurbin da abin da zuciyarsa ta ba shi. Sau da yawa tun sha ɗaya na safe mun san ba za a kai ga na biyar ba, amma ana ta sa rai, babu mai son ya zama shi ya faɗa.

Auta, ki koma ki nemi ganin likitan da zai yi aikin ko shugabar ɗakin. Ki tambayi ainihin dalilin, a rubuta a fayil. Ki tambayi sabuwar rana, ki roƙi a sa ta farko a jeri tunda sau biyu ke nan. Ki tambaya ko awon jinin da aka yi mata zai kai ranar ko sai an sake. Kuma ki gaya musu ƙarara cewa numfashinta na dannewa in ta kwanta, domin wannan na iya canza matsayinta a layi. In ya tsananta kafin ranar, ko kin ji tana wani sauti wajen jan iska, kada ki jira rana, ki kai ta gaggawa.

Auta:
Na dawo da labari. Na je jiya na yi yadda Sista ta ce. Likitan ya zauna da ni kusan minti goma, har ya ba da haƙuri. Ashe gadon kulawa ta musamman da aka yi niyyar ba ta, wani da aka kawo cikin dare da rauni a kai ne aka sa a ciki, suka yi ta jiran ko wani zai fito, bai fito ba. Ita ce ta huɗu a jeri. Yanzu an ba mu Alhamis ta sama, ita ce ta farko. Har yanzu ina jin haushin yunwar da ta sha, na kuma faɗa masa. Likita, tambaya ɗaya: maganin hawan jininta na safe, ta sha ranar ko kada ta sha? Wancan karon wata ta ce ta sha, wata ta ce a'a.

Likitan Barci:
Ya danganta da irin maganin. Irin su amlodipine da atenolol yawanci muna so a sha da kurɓin ruwa kamar kullum. Irin su lisinopril da losartan da yawanmu muna cewa a tsallake na safiyar. Amma likitan barcin da zai tsaya a kanta shi ke da magana ta ƙarshe. Ki kai masa ledar magungunan gaba ɗaya ranar da za a ba ta gado, ki sa ya rubuta a fayil wanne za ta sha da ƙarfe nawa, da kuma lokacin da za ta daina shan ruwa.

Auta:
Na duba kwalin, amlodipine ne, da wani ƙarami fari na maƙoƙon. Zan tafi da duka biyun ranar Laraba in sha Allah.